Tantanin ƙwayar halitta: yadda ruwa, gishiri da sukari ke shiga jiki, da dalilin da ya sa ORS ke ceton rai

A shekarar 2021 Najeriya ta fuskanci annobar kwalara mai tsanani. Alƙaluman Hukumar Daƙile Yaɗuwar Cututtuka ta Ƙasa, NCDC, sun nuna cewa sama da mutum 100,000 ne aka yi zargin sun kamu, sama da 3,500 kuma suka rasu. Gombe na cikin jihohin da abin ya shafa. Maganin farko da ma'aikatan lafiya ke bai wa mai amai da gudawa a birnin Gombe, kamar a ko'ina, shi ne ruwan gishiri da sukari, wato ORS. Sirrin aikin wannan haɗi yana cikin wani siririn tantani da ya lulluɓe kowace ƙwayar halitta ta jikin ɗan Adam.

Ƙwayar halitta da sassanta

Ƙwayar halitta ita ce tubalin da aka gina kowane mai rai da shi. Masanin Ingila Robert Hooke ne ya fara bayyana ta a 1665, bayan ya duba ɓawon itace da madubin ƙara girma. An ƙiyasta cewa jikin baligi na ɗauke da irinta kimanin tiriliyan 30.

A tsakiyar mafi yawan ƙwayoyin akwai cibiya, inda aka adana bayanan gado, wato DNA. Kewaye da cibiyar akwai wani ruwa mai kauri da ƙananan sassa ke ciki. Daga cikinsu akwai maitokondiriya, masu sarrafa sukari da iskar oksijin su samar da makamashin da ake kira ATP, da kuma raibozom, masu ƙera furotin. Ƙwayoyin tsirrai suna da ƙarin bango mai tauri daga waje, abin da na mutum da dabbobi ba su da shi. Tantani kuwa kowace ƙwaya tana da shi.

Yadda aka gina tantanin

Kaurin tantanin bai kai nanomita 10 ba, ma'ana sai an jera sama da 100,000 kafin su kai milimita ɗaya. An yi shi ne da shimfiɗa biyu na wani nau'in maiƙo. Kowane ɗigon maiƙon yana da kai mai son ruwa da wutsiya mai gudun ruwa. Kawunan suna fuskantar ruwan ciki da na waje, wutsiyoyin kuma suna ɓuya a tsakiya. Kamar yadda man gyaɗa ba ya gauraya da ruwa, haka gishiri da sukari, waɗanda ke narkewa a ruwa, ba sa iya ratsa wannan tsakiya mai maiƙo da kansu.

Saboda haka akwai furotin iri-iri da ke dashe a jikin tantanin, wasu a matsayin ƙofofi, wasu masu dako, wasu kuma famfuna. Masana biyu a Amurka, Jonathan Singer da Garth Nicolson, su ne suka gabatar da wannan fasali a 1972.

Hanyoyin shiga da fita

Hanya ta farko ita ce bazuwa. Abu yakan tashi daga inda ya yi yawa zuwa inda ya yi ƙaranci, kamar yadda ƙamshin turaren wuta ke gauraye ɗaki. Ta haka oksijin ke ratsawa daga huhu zuwa jini ba tare da an kashe makamashi ba. Sukari da sinadaran gishiri su ma suna iya bin wannan gangara, amma sai ta ƙofofinsu.

Hanya ta biyu ta ruwa ce, ana kiranta osmosis. Ruwa yana bin ɓangaren da gishiri ko sukari ya fi yawa. Duk wadda ta taɓa barbaɗa gishiri a kan yankakken tumatir ta ga ya tsatsafo da ruwa, ta ga osmosis da idonta. Wannan ne dalilin da ya sa ruwan da ake ƙara wa majiyyaci ta jijiya yake ɗauke da gishiri gram 9 a kowace lita. Da zallan ruwa aka ɗura masa, da jajayen ƙwayoyin jininsa sun kumbura sun fashe. Peter Agre ya sami kyautar Nobel a 2003 saboda gano ƙofofin da ruwa ke bi.

Hanya ta uku tana cin makamashi, domin tura abu ake yi zuwa inda ya riga ya yi yawa, tamkar jan ruwa daga rijiya. Fitaccen misali shi ne famfon da Jens Skou na ƙasar Denmak ya gano a 1957, wanda a kowane zagaye yake fitar da sodiyam 3 ya shigo da fotashiyam 2. Abubuwan da suka fi ƙarfin ƙofa kuwa, tantanin ne ke lanƙwashewa ya haɗiye su, kamar yadda fararen ƙwayoyin jini ke yi wa ƙwayoyin cuta.

Abin da kwalara ke yi wa hanji

Ƙwayar cutar kwalara tana shiga ciki ta gurɓataccen ruwa ko abinci, shi ya sa ta fi ƙamari da damina, lokacin da ambaliya ke kwasar ƙazanta zuwa rijiyoyi. A ƙaramin hanji takan saki guba da ke sa ƙofofin kulorayid su zauna a buɗe. Kulorayid ya kwarara cikin hanji, sodiyam ya bi shi, ruwa kuma ya bi su duka ta hanyar osmosis. Baligin da cutar ta yi wa tsanani na iya rasa kusan lita ɗaya a cikin sa'a guda, kuma rashin ruwan ne ke kisa cikin 'yan sa'o'i.

Sai dai akwai ƙofa ɗaya da gubar ba ta lalatawa. A 1960 masanin Amurka Robert Crane ya bayyana cewa a tantanin hanji akwai furotin mai dako da ke shigar da sodiyam da sukarin gulukos tare, kuma ba ya ɗaukar ɗaya sai da ɗayan. Idan suka shiga, ruwa sai ya bi su ya koma jini. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, likita Dilip Mahalanabis ya yi amfani da wannan haɗi a sansanin 'yan gudun hijira da ke Bangaon a Indiya, mace-mace suka ragu daga kimanin kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 4.

Muhimmancin ma'auni

Ƙunshin ORS da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka amince da shi yana ɗauke da gishiri gram 2.6, gulukos gram 13.5, gishirin fotashiyam gram 1.5 da sitiret gram 2.9, ana narkar da shi a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta. Inda ba a sami ƙunshin ba, ana zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe da gishiri rabin ƙaramin cokali a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce.

Dokar osmosis ce ta sa ba a wasa da wannan ma'auni. Idan sukari ya yi yawa, kamar a lemon kwalba, zai janyo ruwa zuwa cikin hanji, gudawa ta ƙaru. Idan gishiri ya yi yawa, zai zuƙe ruwa daga ƙwayoyin jiki har da na ƙwaƙwalwa, abin da ke da haɗari matuƙa ga yara. Ana zubar da haɗin da ya wuce sa'o'i 24, a kuma ba yara sinadarin zinki na kwana 10 zuwa 14 tare da ci gaba da shayarwa.

Majiyyacin da ya galabaita, idanunsa suka faɗa, ko amai ya hana shi riƙe abin da ya sha, yana buƙatar ƙarin ruwa ta jijiya ba tare da jinkiri ba, a cibiyar lafiya mafi kusa ko a manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Jiha da ke Gombe. A ci gaba da ba shi ORS kurɓi-kurɓi a kan hanya matuƙar yana iya haɗiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan aka ba da kulawa da wuri, waɗanda kwalara ke kashewa ba sa kai kashi 1 cikin 100.