Rubutun Ƙasan Allo da Masu Kallo a Briqueterie

Talabijin bai iso Kamaru da wuri ba. Kaduna ta fara kallo tun 1962, amma a nan sai watan Maris na 1985 aka haska hoton farko, daga Bamenda, wurin babban taron jam'iyyar UNC wanda ya haifi RDPC. A Disamba 1987 aka haɗe rediyo da talabijin suka zama CRTV, mai hedkwata a Mballa II cikin Yawunde.

Tashar da harshe biyu take magana, Faransanci da Ingilishi. A Briqueterie kuwa, da Hausa da Fillanci ake ciniki, kuma dattijai da yawa karatun allo suka yi, ba na boko ba. To me irin wannan mai kallo yake ɗauka? Tambarin tasha, kiɗan buɗe labarai, tuta, da fuskar da ya sani. Kafin a ce uffan ya gane lokacin labarai ya yi. Amma rubutun nan na ƙasan allo, mai faɗin sunan mai magana da muƙaminsa, sai an kira ɗan makaranta ya karanta, kuma sau tari kafin yaron ya haɗa baƙaƙen an ɗauke shi. Masu sana'ar suna da ƙa'ida: a bar rubutu har mutum ya iya karanta shi sau biyu. Ƙa'ida ce mai kyau, illa dai da saurin karatun wanda ya tsara shi ake aunawa. Mu a rediyo mukan maimaita sunan baƙo ne kurum, mu huta.

Wurin da zane ya yi wa kowa adalci shi ne ƙwallo. Ranar 8 ga Yunin 1990, da Omam-Biyik ya ci Ajantina, sakamako ba ya zama a allo. Wanda ya shigo a makare sai ya tambaya nawa da nawa. Sky Sports ta Ingila ce ta kafa ɗan akwatin nan na ci da minti a kusurwa, a 1992. Lamba biyu da agogo ba sa neman tafinta, shi ya sa ya bi duniya.

Bayan dokar Afrilun 2000 tashoshi masu zaman kansu, irin su Canal 2 da Equinoxe, suka cika ƙasan allo da rubutu mai gudu, wanda a ganina ya fi ƙara hayaniya a kan bayani. Sai 2014 Arewa24 ta zo ta tauraron ɗan'adam, sunaye da muƙamai suka fito da Hausa. Nan ma da sauran aiki, domin yawancin salon haruffan kwamfuta ba su da ƙ, ɗ da ɓ. Idan mai zane bai kula ba, "ƙafa" sai ta fito "kafa", "ɓata" ta koma "bata".