Kan Ƙasa da Kan Dukiya

Ɗan makaranta mai koyon Ingilishi yakan rikice da kalmar capital. Yau malam ya ce babban birni ne, gobe ya ce jari. Duka biyu daidai ne, gama tushensu ɗaya, wato caput, "kai" a harshen Romawa. Birnin da ke bisa sauran birane shi ne kan ƙasa. Kuɗin da aka soma ciniki da su kuwa su ne kan dukiya. Har cattle, wato shanu, daga nan ta fito, don a dā arzikin mutum garkensa ne.

Mai karatu ya dubi N'Djamena. Faransawa suka kafa ta a bakin kogin Shari a 1900, suka kira ta Fort-Lamy, sunan hafsansu da ya mutu a yaƙin Kusiri ran da Rabe ya faɗi. Ta zama babban birnin Chadi mai 'yanci a 1960, aka sake mata suna a 1973. Can Faransanci ya raba gardama: birni la capitale, jari le capital. Balarabe a kasuwa yakan ce ras al-mal, kan dukiya ke nan. Bahaushen da ke zaune kusa da shi kuwa uwar kuɗi yake cewa, don ita ke haifar riba.