Makafi da waƙa: daga ƙoƙon bara zuwa aji

Masu sauraronmu na Matameye, Kantche da kewaye. Duk wanda ya tashi a nan ya san muryar makaho ran kasuwa, yaro na riƙe da sanda, shi kuma yana rera waƙa. Mun saba da ji har ba mu taɓa tambaya ba: wa ya koya masa?

To ai koya musu ake yi. Tun zamanin da, makafi a ƙasar Hausa suna da shugabansu, Sarkin Makafi. Babba ya ja baiti, yaro ya amsa, yau da gobe har ta zauna. Ba allo, ba takarda, kunne ne kawai. Waƙar Imfiraji da mabarata ke yawan rerawa, ta Malam Aliyu Namangi ce na Zariya, shi ma makaho, wanda har jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa.

Mu da muka yi lakwal mun san sunan Louis Braille na Faransa, amma ba a faɗa mana makaɗi ba ne. Littafin da ya fitar a 1829 ya ƙunshi har da yadda makaho zai karanta kiɗa da yatsa. A Mali kuwa, Amadou da Mariam sun haɗu ne a makarantar yara makafi ta Bamako, inda ake koyar da kiɗa. Sun yi aure a 1980, suka zaga duniya da waƙa har rasuwar Amadou a 2025.

A nan Nijar muna da makarantar makafi ta Soly Abdourahamane, da cibiyar koyon kiɗa ta Elhaji Taya da aka buɗe a 1989. Duk biyun a Yamai suke, tafiyar yini cur a mota. Yaron ƙauyenmu fa?

Abin da tarihin nan ya nuna mana, baiwar tana nan, inda aka kai ta ne ya bambanta. Kurma na jin bugun ganga a jikinsa. Gurgu na iya kaɗa gurmi a zaune. Yaron da karatu ke yi wa nauyi, sau da yawa waƙa ɗaya yake ji ya riƙe.

Iyaye da malamai, kafin mu miƙa wa yaron nan ƙoƙo, mu gwada ba shi wuri a aji. Allah ya sa mu dace.