Kariya Daga Ciwon Maƙogwaro Bayan Tiyata: Bitar Hujjoji Kan Matsin Bututun Numfashi da Magungunan Rigakafi

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bitar wasu ayyuka da aka buga tsakanin 1984 da 2016 kan ciwon maƙogwaron da majinyata ke farkawa da shi bayan an yi musu tiyata da maganin sa barci. Ta kwatanta gyaran kayan aiki da amfani da magungunan rigakafi, ta kuma nuna cewa auna matsin iskar bututun numfashi shi ya kamata ya zo a gaba.

Gabatarwa

Idan aka sa majinyaci barci, yawanci likita kan zura masa bututu ta baki, ya ratsa tsakanin tantanin murya zuwa hanyar iska. A ƙasan bututun akwai ɗan balan-balan da ake hurawa da sirinji don ya toshe gefe, kada iska ta zurare, kada kuma abin da ke cikin tumbi ya kwararo cikin huhu. Nan ne asalin matsalar. Majinyaci kan farka yana kukan zafin haɗiyar yawu, muryarsa ta dishe, wani har da tari. Bitar da El-Boghdadly da abokan aikinsa suka buga a mujallar Anaesthesia a 2016 ta nuna abin kan kai kashi 62 cikin 100 a wasu rahotanni, kuma ya fi kama mata, da masu ƙarancin shekaru, da masu ciwon huhu, da waɗanda aikinsu ya daɗe. Ma'aikata kan ce "zai wuce", kuma galibi yakan wuce cikin 'yan kwanaki. Amma wanda aka yi wa aikin ciki, kowane tari ja masa ɗinki yake yi, don haka bai dace a raina kukansa ba.

Matsin iska da girman bututu

A 1984 Seegobin da van Hasselt suka leƙa hanyar iskar majinyata da na'ura mai ɗaukar hoto yayin da suke ƙara wa balan-balan ɗin iska. Da matsin ya haura santimita 30 na ruwa sai suka ga fatar cikin hanyar iskar ta fara koɗewa saboda jini ya ragu. Da ya kai santimita 50, jinin ya tsaya cik a kan zobban guringuntsi. Daga irin wannan aiki aka samo ƙa'idar riƙe matsin tsakanin 20 da 30.

Abin damuwa shi ne yadda ake kimanta shi a aikace. Mai ba da maganin barci ya hura iska, ya matsa ɗan ƙullin da ke waje, wanda ke haɗe da balan-balan ɗin, da yatsu biyu, ya ce ya isa. Yatsa ba ma'auni ba ne. Binciken Liu da abokansa a asibitocin ƙasar Sin, wanda aka buga a 2010 kan majinyata sama da 500, ya gano cewa wannan lalube kan bar matsin sama da kima ƙwarai, kuma waɗanda aka daidaita nasu da ma'auni sun fi samun sauƙin ciwon maƙogwaro da dishewar murya da kakin jini. Inda ake amfani da iskar naitiros okzaid, awo ɗaya ma bai wadatar ba, domin iskar tana ratsawa cikin balan-balan ɗin ta ƙara kumbura shi yayin da aiki ke tafiya.

Girman bututu ma yana da tasiri. Stout da abokansa sun nuna a 1987 cewa sauya babban bututu da ƙarami ya rage ciwon da kusan rabi.

Magungunan rigakafi

A Turkiyya, Canbay da abokansa (2008) sun sa majinyata kurkure maƙogwaro da miligiram 40 na ketamin cikin ruwan gishiri kafin barci, ciwon ya ragu. Wannan na da amfani ga asibitoci masu ƙarancin kayan aiki, inda da wuya a rasa ketamin. A Biyana ta ƙasar Ostiriya, Ruetzler da abokansa (2013) sun gwada ruwan saiwar likoris ga majinyata 236 masu aikin ƙirji, adadin masu ciwon ya sauka daga kashi 36 zuwa 19 rabin sa'a bayan aiki. Allurar deksametazon ta jijiya ita ma tana taimakawa, ga shi tana rage tashin zuciya, sai dai tana ɗaga sukarin jini, don haka a kula da masu ciwon sukari. Game da lidoken kuwa, bitar Cochrane ta 2015 ta ga alamar amfani, amma ta ce hujjar ba ta da ƙarfi.

Kammalawa

A ra'ayin wannan maƙala, duk waɗannan magunguna suna rage kumburi ko zafin raunin da tun farko ana iya taƙaita shi. Ba hikima ba ce a ba majinyaci ruwan kurkura sannan a bar balan-balan yana danne masa jijiyoyin jini tsawon sa'a uku. Ana kira ga shugabannin sassan sa barci su tanadi ma'aunin matsi a kowane ɗakin tiyata, a riƙa rubuta awon a takardar majinyaci kamar yadda ake rubuta hawan jini, a kuma tambaye shi halin maƙogwaronsa washegarin aiki.