Amanar Ƙugiya: Tarihin Tsara Shafi a Birnin Zazzau

A zauren gidanmu da ke cikin birnin Zariya akwai wata tsohuwar gafaka da kakana ya bari. Ina yaro ba a yarda in taɓa ta sai da alwala, kuma sai gaban babba. Da na girma na shiga sana'ar tsara littattafai a kwamfuta, sai na koma mata da wani ido daban. Na lura cewa matsalolin da nake fama da su a gaban allo, kamar faɗin gefen shafi da tazarar layi da bin jerin shafuka, duk kakana ya riga ya warware su da alƙalamin kara. Wannan ne ya sa na bi sawun sana'ar a garinmu, daga zaure zuwa maɗaba'a, daga maɗaba'a zuwa manhaja, domin in ga abin da kowane zamani ya riƙe da abin da ya yar.

Unguwanni irin su Kona da Juma sun daɗe da shahara da karatu, kuma inda karatu ya yi ƙarfi dole kwafar littafi ta zama sana'a. Takardar da malamai suka fi amfani da ita a ƙarni na 19 daga Italiya take zuwa, ta ratso Sahara, kuma in aka ɗaga ta a haske akan ga tambarin jinjirin wata uku. Tsadarta ta hana almubazzaranci, amma duk da haka mai kwafa ba ya cika shafi har baki. Yakan bar fili mai yalwa a gefe domin ɗalibi ya sami wurin rubuta fassarar kalma ko bayanin malaminsa. Baƙar tawada ta matani ce, ja kuma ta wasali da kanun babi. Tun da ba a ɗinke littafin, warwara yake a cikin tadarishi, sai mai kwafa ya rubuta kalmar farko ta shafi mai zuwa a can ƙasan wanda ya gama. Ko iska ta watsa takardun, wannan kalma guda ta isa ta mayar da kowace mazauninta. Darasin farko ke nan da na ɗauka: ana tsara shafi ne saboda wanda zai karanta, kuma farin da aka bari yana da aiki kamar baƙin da aka rubuta.

Zuwan boko ya sauya kayan aiki, ya kuma mayar da Zariya cibiyar ɗab'in Hausa. An kafa Hukumar Fassara a 1929, ta rikiɗe ta zama Hukumar Talifi a 1933 a ƙarƙashin Dokta Rupert East. Gasar da ya shirya a wannan shekara ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. A watan Janairu na 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, Imam yana editanta na Hausa. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur, daga baya hukumar NORLA ta cika Arewa da ƙananan littattafan Yaƙi da Jahilci har zuwa 1959, sannan kamfanin NNPC ya gaji aikin a 1966.

Ɗaliban adabi sun san wannan jeri sarai. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne wahalar da aka sha kafin harafi ya dace da bakin Bahaushe. Haruffan Turawa ba su da gurbin sautukan da muke furtawa a ɓera da ɗaki da ƙasa. Marubutan farko sun yi ta dabara, wasu su ɗiga ɗigo a ƙarƙashin harafi, wasu su rataya masa waƙafi a sama. Sai a ƙarshen shekarun 1930 haruffa masu ƙugiya suka zauna, wato ɓ da ɗ da ƙ, aka ɗauko su daga tsarin rubutun harsunan Afirka da masana irin su Diedrich Westermann suka yi aiki a kai. Wannan ba ƙaramin hukunci ba ne a zamanin dalma. Kowane sabon harafi sai an zuba shi da ƙarfe, babba da ƙarami, a kowane girma da kowane salo. Waɗanda suka ɗauki wannan ɗawainiya sun san abin da suke karewa. Ƙugiya kaɗai ta raba fada da faɗa, ta raba baki da baƙi, ta raba gaba da gaɓa, ta raba kafa da ƙafa.

Wani kawuna ya yi aikin jera haruffa a wata maɗaba'a har ya tsufa. Ya ba ni labarin yadda suke tsintar dalma ɗaya bayan ɗaya daga akwati mai gida-gida, suna jera layi a juye, domin sai abin ya juye a ƙarfe yake fitowa daidai a takarda. Ya ce kafin a ɗora aiki a inji sai an buga gwaji, mutum ɗaya ya karanta da ƙarfi, wani ya bi da ido da jan biro. Wanda ya bar kada a wurin kaɗa ya san ranar ba zai sha da daɗi ba. A wancan tsari shafi guda yakan bi ta hannun marubuci da edita da mai jera haruffa da mai duba gwaji da mai inji, kowa kuma yana iya kama kuskuren ɗan'uwansa.

A 1985 wani kamfanin Amurka mai suna Aldus ya fitar da manhajar PageMaker domin kwamfutar Macintosh, sai aikin mutum biyar ya koma kan tebur guda. CorelDraw ya biyo baya a 1989. Da kwamfutoci suka yawaita a shagunan buga takardu na Sabon Gari da Tudun Wada da Samaru, waɗannan manhajoji biyu suka zama abincin yau da gobe. Alherinsu a fili yake. Marubucin da babu babban kamfanin da zai saurare shi ya sami hanyar fitar da littafinsa da kuɗin aljihunsa, kuma bunƙasar Adabin Kasuwar Kano a shekarun 1990 ta ci moriyar wannan sauƙi. Har wata tsohuwar al'ada ta dawo ta bayan gida, domin mukan fitar da shafi a juye a kan takarda mai shara-shara kafin a ƙona faranti, kamar yadda kawu yake jera dalmarsa.

Amma ƙugiya ta sha kashi. Kwamfutocin farko ba su san ta ba, don haka dubban shafuka suka fita babu ita, wasu kuma aka bi su da biro ana lanƙwasa kawunan haruffa da hannu. Mafitar da aka samu ita ce ƙirƙirar zubin haruffa na musamman, irin Rabi'at da Abdalla waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar. Dabarar ita ce a ari gurbin wasu alamomi da ba a cika buƙata ba a zaunar da masu ƙugiya a ciki. Ta yi wa Hausa hidima ƙwarai, sai dai tana da sharaɗi guda: dole zubin ya kasance a kan kowace kwamfutar da za ta buɗe aikin.

Ni da kaina na ɗanɗana kuɗar wannan sharaɗi. Dangi sun ɗora mini nauyin tsara ɗan littafin tarihin kakana domin a raba a wani taron zuriya. Na yi makonni ina gyara shi a PageMaker, na kai wata maɗaba'a, na dawo gida ban nemi ganin gwaji ba saboda sauri. Ranar da aka kawo ɗaurin littattafan na buɗe na farko a zaure, gaban dattawa. Duk inda na rubuta ƙasa sai na ga }asa, duk inda na rubuta ɗaya sai na ga ]aya. Kwamfutarsu ba ta da zubin da na yi amfani da shi, ta musanya shi da wani ba tare da kowa ya kula ba. Kawu ya juya shafi biyu, ya rufe, ya ce, "Ɗana, wa ya karanta maka?" Ban da amsa, domin babu wanda ya karanta. Laifin ban ɗora wa na'ura ba. Ni ne na ɗauki aikin mutum biyar, na manta da na huɗunsu.

Maganin dindindin ya zo ta tsarin Unicode, wanda aka fara fitarwa a 1991, ya ba kowane harafi na kowane harshe lambarsa ta kansa. A cikinsa ƙ harafi ne mai cin gashin kansa, ba baƙo ba ne a gidan wata alama, haka ma ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar suke rubutawa. PageMaker, wanda fitowarsa ta ƙarshe ta kasance a 2001, bai rungumi wannan tsari ba, amma magajinsa InDesign da manhajar Scribus ta kyauta sun karɓe shi. Akwai kuma zubin haruffa na kyauta masu ɗauke da ƙugiya, irin Charis SIL da Gentium da Andika. Ajami ma ya sami rabonsa a zubin Alkalami, wanda aka zana bisa salon rubutun hannu na ƙasar Kano.

Daga wannan tarihi na tsamo ƙa'idojin da nake koya wa yaran shagona. Kafin su zaɓi zubi, su gwada Ɓ da Ɗ da Ƙ manya da ƙanana, a kauri da kuma a karkace, domin wani zubin yakan aro ƙugiya daga maƙwabcinsa, sai ta fito kamar bare a cikin kalma. Su kashe umarnin da ke yanka kalma a ƙarshen layi, saboda da ƙa'idar Ingilishi yake yanka, yana iya raba ts ko ƙy gida biyu. Su duba waƙafin 'ya'ya da 'yanci, kada manhaja ta juya masa fuska. Tsohon aiki kuwa a mayar da shi Unicode ta hanyar nemo alama a musanya ta, amma a bi a hankali kada a cinye baka na gaskiya. Su bar gefe wadatacce, musamman ta wajen ɗinki, su kuma lissafa shafuka su rabu huɗu-huɗu tun kafin a je inji. Kada aiki ya bar shago sai a matsayin PDF da aka cusa zubin a cikinsa. Sama da duka, a buga gwaji a takarda, mutum biyu su zauna, ɗaya ya karanta da ƙarfi.

Littafin kakana mun sake buga shi bayan taron ya watse, da kuɗina. Kawu ne ya karanta, ni na riƙe jan biro, muka kama kurakurai da dama waɗanda ba ruwansu da zubin haruffa. Kwafi guda na saka a cikin gafakar, kusa da takardun da ya kwafa da hannunsa. Nasa sun haura shekara ɗari ana karanta su ba tare da neman wata na'ura ba. Duk ranar da na zauna gaban allo, tambayar da nake yi wa kaina ita ce ko shafin da nake tsarawa zai kai jikokina yana faɗin abin da aka ba ni amana in faɗa.