Daga Takardar Jinsiya Zuwa Kujerar Majalisa: Tarihin Ƙuri'ar Hausawan Sudan

A Kano ko Katsina, in ana son sanin tarihin ɗan majalisar jiha, sai a ƙirga zaɓukan da ya shiga, da jam'iyyun da ya sauya, da yawan ƙuri'un da ya samu. A ƙauyukan Hausawa na Jazira da na bakin kogin Nil Azrak, wanda gidajen rediyo ke kira Blue Nile, lissafin yana farawa tun kafin akwatin zaɓe. Kafin a tambayi mutum jam'iyyarsa, sai an tambaye shi shekarar da kakansa ya shigo Sudan. Wannan tambaya ita ta daɗe tana yanke wanda zai jefa ƙuri'a da wanda za a jefa wa.

Masu hanyar Makka

Alhazai daga ƙasar Hausa da Borno sun ɗauki ƙarnoni suna ratsa Sudan a ƙasa, suna yada zango su yi noma ko ƙwadago don su tara guzurin ƙetare Bahar Maliya. Amma babbar ƙaura ta biyo bayan yaƙin Burmi na watan Yulin 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas, suka iso bakin Nil Azrak wajen 1906. Garin da suka kafa kudu da Sinnar har yau sunansa yake amsawa, wato Mayurno. Turawan da suka kashe uban, su ne suka amince da sarautar ɗan, domin suna neman wanda zai riƙe musu baƙin yamma, ya kuma rage tasirin Sayyid Abdurrahman al-Mahdi, wanda da yawa daga cikinsu ke tururuwa zuwa tsibirinsa na Aba.

A 1925 aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe gandun audugar Jazira tsakanin kogunan Nilu biyu. Auduga na son hannu da yawa, sai aka buɗe wa Hausawa, Fulani da Barebari ƙofa. Mutanen ƙasar suka haɗa su duka a suna ɗaya, Fallata ko Takari. A shekarun 1930, da farashin auduga ya faɗi manoma suka riƙa watsar da gonakin haya da ake kira hawasha, wasu baƙin sun samu rabo. Amma akasarinsu sun zauna a matsayin leburori, a ƙauyukan da ke gefen magudanan ruwa, waɗanda ake kira kanabi. Ƙasar da bukkokinsu ke kai ba tasu ba ce, ta hukumar gandu ce.

Su ma kansu ba su yi gaggawar neman gurbi a harkar mulki ba. Masanin nan Bawa Yamba, wanda ya yi bincike a ƙauyukansu ya fitar da littafi a 1995, ya tarar da jikoki da tattaɓa-kunne da aka haifa a Jazira suna kiran kansu alhazai da ke kan hanya. Wanda ya ɗauki kansa matafiyi ba ya damuwa da wanda zai wakilci zango.

Shekarar da ta raba mutane

Da aka fara shirin ba Sudan 'yanci, sai aka ga dole a faɗi wane ne ɗan Sudan. Dokar 1948 ta ce shi ne wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a ƙasar tun 31 ga Disamba 1897, wato kafin sojojin Ingila da Masar su ci Omdurman a 1898. Mutanen Mai Wurno sun makara da shekara tara. Leburorin auduga sun makara da kusan talatin. Dokar 1957, bayan samun 'yanci, ta riƙe wannan rana yadda take.

A ƙarƙashin wannan ma'auni aka yi zaɓen farko a ƙarshen 1953, wanda jam'iyyar Isma'il al-Azhari ta lashe da kujeru 51 cikin 97, haka kuma zaɓukan 1958, 1965 da 1968. Takardar zama ɗan ƙasa, wadda kowa ke kira jinsiya, ta kasu biyu: ta haihuwa da ta nema. Mai son ta haihuwa sai ya kawo shaidu daga dangin uba, ya kuma faɗi ƙabilarsa, kuma da zarar ya ce Hausa ko Fallata, bincike ya tsananta. Wannan ya sa wasu suka jingina da sunayen ƙabilun Larabawa, wasu suka haƙura da takardar gaba ɗaya. Waɗanda suka samu ƙuri'a a yankunan Ansar, wato mabiya Mahdi, sukan ba jam'iyyar Umma ta gidan Mahdi, saboda tsohuwar alaƙar addini, amma ɗan takarar yawanci daga manyan gidajen yankin yake fitowa. Su dai nasu kai ƙuri'a ne.

Ja'afar Numairi, wanda ya ƙwaci mulki a 1969, ya taɓa ginshiƙai biyu da suka shafe su. Dokar 1970 ta mayar da duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba mallakar gwamnati, sannan a 1971 aka rushe mulkin sarakunan gargajiya aka kawo majalisun ƙananan hukumomi. A takarda, wannan ya daidaita baƙo da ɗan gida, tunda ƙasa ta zama ta hukuma. A zukatan mutane kuwa, kowace ƙabila ta ci gaba da sanin iyakar ƙasar kakanninta.

Yadda kujerar ta samu

Majalisar jiha irin wadda aka sani kafin 2019 haihuwar gwamnatin Umar al-Bashir ce, wadda ta hau mulki a 30 ga Yuni 1989. A 1991 ta raba ƙasar jihohi tara, a 1994 ta mayar da su 26. Tsohon yankin tsakiya ya rabu huɗu, uku daga ciki su ne mazaunin Hausawan da muke magana a kansu: Jazira mai hedikwata a Wad Madani, Sinnar mai hedikwata a Sinja, da Nil Azrak mai hedikwata a Damazin. A wannan shekara ta 1994 sabuwar dokar jinsiya ta matso da ranar ƙidaya zuwa 1 ga Janairu 1956, ranar samun 'yanci. Da wannan gyara, jikokin leburorin auduga suka shiga cikin 'yan ƙasa na haihuwa.

Ba don Allah kaɗai aka yi ba. Masu ra'ayin Hasan al-Turabi, waɗanda ke riƙe da gwamnatin Bashir, ba su da tushe a karkara irin na Umma, kuma suna yaƙi da 'yan tawayen SPLM, waɗanda suka kama Kurmuk a kudancin Nil Azrak a 1987, suka sake kama ta a 1997. Suna bukatar masu zaɓe da mayaƙan sa-kai, sai suka ga jama'a mai yawa, mai riƙo da addini, wadda tsofaffin jam'iyyu suka yi wa riƙon sakainar kashi. Daga nan 'ya'yan Hausawa suka fara shiga kwamitocin unguwa da majalisun ƙananan hukumomi, hanyar da ke kai mutum majalisar jiha. Amma ƙofar ɗaya ce, ta jam'iyya mai mulki, NCP. Wannan ya bar musu tabo a idon maƙwabtansu Barta, Hamaj da Ingasana, waɗanda yaƙin ya fi ci, suka riƙa kallonsu a matsayin mutanen gwamnati.

Ita ma takardar ba ta kashe tsohuwar tambaya ba. A watan Oktoban 2008 wata jaridar Khartum ta jingina wa Bashir maganar cewa Hausawa ba 'yan Sudan ba ne. Fadar shugaban ta musanta, amma kafin nan zanga-zanga ta ɓarke a Gadarif har an rasa rayuka.

Zaɓen 2010

Yarjejeniyar zaman lafiya ta 9 ga Janairu 2005 tsakanin gwamnati da SPLM ta ba majalisar Nil Azrak nauyin da ba kowace jiha ta samu ba. Kafin zaɓe an raba kujerunta, kashi 55 cikin ɗari na NCP, 45 na SPLM. Bayan zaɓe kuma ita aka ɗora wa jin ra'ayin jama'a kan ko yarjejeniyar ta biya musu bukata, ta kuma tattauna da Khartum a madadinsu.

Dokar zaɓe ta 2008 ta tsara cewa kashi 60 na kujeru daga mazaɓu za su fito, 25 daga jerin mata, 15 daga jerin jam'iyyu. A majalisa mai kujeru 48, wannan na nufin 29, da 12, da 7. Tsarin ya fi yi wa jama'ar da ke dunƙule a wuri ɗaya daɗi, kamar Mayurno ko unguwannin Hausawa na Damazin da Rusairis. Mazauna kanabin Jazira kuwa a warwatse suke cikin mazaɓun masu hawasha, ko'ina su ne 'yan tsiraru, don haka yawansu bai cika zama kujera ba.

An yi zaɓen daga 11 zuwa 15 ga Afrilu 2010, kowane mai zaɓe a arewacin Sudan da takardun ƙuri'a takwas a hannunsa, uku daga ciki na majalisar jiha. Malik Agar na SPLM ya ci kujerar gwamnan Nil Azrak da tazarar da ba ta kai ƙuri'a 10,000 ba, shi kaɗai ne gwamnan arewa da ba ɗan NCP ba, yayin da NCP ta riƙe rinjaye a majalisa. A takara mai ƙunci haka babu ƙauyen da za a raina, kuma a nan ƙuri'ar Bahaushe ta yi tsadar da ba ta taɓa yi ba. An fara zaman jin ra'ayin jama'a a watan Janairun 2011, amma ba a kai ƙarshensa ba. A farkon Satumbar wannan shekara yaƙi ya dawo Damazin, Bashir ya tsige Agar ya kafa dokar ta-ɓaci. Zaɓen 2015 kuwa manyan 'yan hamayya sun ƙaurace masa.

Da majalisa ta tafi

A 11 ga Afrilu 2019 sojoji suka kifar da Bashir, suka rushe majalisar ƙasa da na jihohi. Tun daga ranar ba a sake zaɓen ɗan majalisar jiha a Sudan ba. Yarjejeniyar Juba ta Oktoban 2020 ta dawo da Agar cikin gwamnati, ta ba Nil Azrak cin gashin kai, aka naɗa Ahmad al-Umda Badi gwamna a 2021, amma babu zauren da talaka zai aika wakili.

Da ƙuri'a ta daina aiki, sai murya ta koma hannun sarakunan gargajiya, waɗanda gwamnatin Bashir ta riga ta farfaɗo da su. Hausawan Nil Azrak suka nemi a ba su masarauta tasu. Sarakunan da ke danganta kansu da tsohuwar daular Funj ta Sinnar suka ƙi, domin a al'adar yankin sarauta da ƙasa tare suke tafiya, wanda aka ba ɗaya an ba shi ɗayar. Wasu kuma suka zargi ɓangaren Agar da zuga Hausawa don neman magoya baya. A watan Yulin 2022 rikici ya ɓarke a Gaisan da Rusairis da Wad al-Mahi, aka kashe mutum fiye da 100, Hausawa suka fito zanga-zanga a Kasala, Gadarif da Khartum. A watan Oktoba aka sake kashe kimanin 200 a Wad al-Mahi. Yaƙin da ya ɓarke tsakanin soja da dakarun RSF a 15 ga Afrilu 2023 ya biyo ta Wad Madani da Sinja, ya tarwatsa ƙauyuka da dama na yankin.

Mai karatu a Najeriya ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin rikicin ɗan asali da ɗan zama a Jos daga irin wannan tushe ya tsiro. Tarihin Hausawan Sudan ya nuna cewa akwatin zaɓe, duk da maguɗi da sayen ƙuri'a, shi ne wuri ɗaya da aka ƙirga su da kai, ba da kabarin kakanni ba. Duk ranar da aka zauna tsara sabuwar Sudan, abin da zai fi shafar mutumin Mayurno da na kanabi shi ne a dawo da zaɓaɓɓun majalisu, a shata mazaɓu bisa inda mutane suke zaune, a kuma ba mazauna kanabi rajistar filin da gidajensu ke kai tun zamanin kakanninsu.