Gitar bas a kiɗan jiharmu: daga Sakkwato da Abalak har zuwa Amurka

 Duk wanda ya taɓa zuwa biki inda anka kira 'yan gitar ya san inda ido ke tahiya: wajen mai solo. Shi aka liƙa wa kuɗi. Wanda ke tsaye can baya da doguwar gitar mai tsirkiya huɗu, ba mai tambayar sunanshi. Yau shi muka so mu tsaya kai.

Ita kanta gitar bas ba ta daɗe a duniya ba. A 1951 Leo Fender ya hiddo Precision Bass a Amurka, a 1960 Jazz Bass ta biyo. Tsirkiyoyinta mi, la, re, sol ne, kamar huɗun nan masu kauri na gitar, amma muryarta ta hi zurhi nesa: ta ƙasa ƙwarai tana kaɗawa wajen sau 41 a daƙiƙa. To nan matsalarmu take. Ƙaramin lasifikar salula ba ya iya hiddo wannan sauti, kuma mu galibi ta salula munka san kiɗin gitar.

Ku tuna Mdou Moctar, ɗan jihar nan tamu ta Tawa, na yankin Abalak da Cintabaradan. Gitarshi ta hwarko da kanshi ya haɗa ta, da wayar birkin keke. A 2008 ya tahi Sakkwato, wadda 'yan kasuwarmu sunka sani kamar gida, ya ɗauki Anar da irin na'urorin waƙoƙin fim na Hausa. Waƙoƙin sunka bazu daga salula zuwa salula, ta bulutus da kart memwar, har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley na Sahel Sounds, ya ji su ya saka guda a faifan Music from Saharan Cellphones na 2011. Kiɗin da ya yi yawo ta wannan hanya, murya da solo ne kunne ka kamawa. Ko akwai bas ko babu, duk ɗaya ne ga mai saurare.

Kuma bas na da tsada ta wani gehe. Tana son ampili mai ƙarhi da babban bafur, su kuma suna son kuran. Mai biki da ya yi hayar ƙaramin gurup, gitar biyu da ganga sun ishe shi. A garuruwanmu na Hausa ma, hannun hagu na mai piyano ya ɗauke aikin.

Sai ga shi wanda ya riƙe bas a ƙungiyar Mdou daga Amurka ya taho: Mikey Coltun, ɗan Washinton. Tun yana saurayi ya yi kiɗa da Cheick Hamala Diabaté, makaɗin Mali da ke zaune can, saboda haka kunnenshi ya saba da kiɗan Afirka ta Yamma kahin ya haɗu da Mdou a 2017. Don a yi gwaji tare, sai ya sauka Yamai ya hau kar zuwa Agadas, tahiyar da ta wuce yini da kwana. Ita ce hanyar da ke rabuwa da tamu a Tsarnawa, ta bi Tawa da Abalak. Can ya shiga kiɗan bukukuwa tare da Ahmoudou Madassane mai gitar rakiya da Souleymane Ibrahim mai ganga.

Ku saurari Ilana na 2019 ko Afrique Victime na 2021 a bafur na kirki, ba a salula ba. A namu kunne, Coltun bai zo ya nuna gwaninta ba. Layi guda yaka kamawa ya yi ta maimaici, mai ganga na ƙara sauri, Mdou na yawo sama yadda ya ga dama. Shi ne kuma ya tsara ɗaukar Afrique Victime da Funeral for Justice na 2024. Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya iske su suna rangadi a Amurka, 'yan Nijar ɗin ukku sunka kasa komowa gida; a wannan zaman jira anka ɗauki Tears of Injustice, wanda ya hito a 2025.

Kar wani ya ce sautin ƙasa baƙo ne gare mu. Matan Illighadad, ƙauyen da ke kusa da Abalak, su Fatou Seidi Ghali, suna kife ƙwarya cikin ruwa su buga ta tare da tende, kuma dum-dum ɗin nan a ƙirji aka jin shi. Kunnen na nan. Abin da ke damunmu shi ne, in yaro ya samu gitar a Madawa ko Buza ko Keita, solo yake so, ba ka jin mai cewa a koya mishi bas.

In kun san wani da ya taɓa riƙe bas a orkes na garinku, ko tsohon da ke da ita ajiye cikin ɗaki, ku rubuto muna sunan garin a ƙasa, mu je mu iske shi da makirho.